Oga ya ce zanena aikin 'yan firamare ne

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti na karkara. An ba ni darasin da zan gabatar nan da mako biyu a bitar ungozomomi da matan sa-kai su kusan 40, a kan gudawar yara, yadda ake haɗa ruwan ORS, wato ruwan gishiri da sukari na leda, da yadda ake ba da ƙwayar zink. An ce a shirya shi a PowerPoint don za a haska a majigi. Na nemi hotuna a intanet, duk na Turawa ne da kicin ɗinsu da kofunansu, sai na zauna na zana nawa da biro, na ɗauka da waya na saka. Da na nuna wa ogana a gaban abokan aiki sai ya yi dariya, ya ce wannan ai aikin 'yan firamare ne, in cire kada in ba mu kunya a gaban baƙi. Tun ranar ban ƙara buɗe kwamfutar ba. Tun ina ƙarama nake son zane, amma yanzu ji nake kamar wauta na yi. Ga shi kuma wata ƙawata ta ce zanen mutum ma bai halatta ba. In cire ne in bi yadda kowa ke yi, ko da wata dabara? Ƙanwarki daga Jigawa.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki buɗe kwamfutar nan yau, kada ki bari sai gobe. Mako biyu ya ishe ki, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Dariyar da aka yi miki a gaban mutane ba ta dace ba, kuma na san irin zafinta. Mutum ya hana idonsa barci ya yi abu da hannunsa, a kushe shi cikin daƙiƙa biyar, wannan yana tsayawa a rai. To amma ina so ki raba abu biyu da suka cakuɗe miki: tunanin da ya sa kika ɗauki biro, da kuma yadda zanen ya fito a kan allo. Na farkon daidai ne, ban ga abin gyara a cikinsa ba. Na biyun kuwa, daga yadda kika kwatanta, biro ne siriri a kan takarda, aka ɗauka da waya, wataƙila ma da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Irin wannan in an saka shi a PowerPoint takardar takan fito toka-toka, gefe ɗaya a karkace, ga inuwar hannu, layin biron kuma da ƙyar ake ganinsa. Ina kyautata zaton wannan ne ogan naki ya gani ya yi magana. Laifin ɗaukar hoto ne, kuma shi ne ya fi komai sauƙin gyara.

Ki tuna su wa za su zauna a gabanki. Ungozomar da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa, wadda boko bai dame ta ba, in kika haska mata jug ɗin gilashi mai layukan awo a kan teburin wani kicin na ƙasar waje, za ta kalla ta ce ma sha Allah, ta koma gida ba ta san da me za ta auna lita ɗaya ba. In kuwa ta ga ledar fiya wata guda biyu kusa da kwanon sha irin wanda ke rataye a ɗakinta, magana ta ƙare. Hoto yana kwaso duk abin da ke gaban kyamara, har da labule da kwandon shara. Mai zane shi yake zaɓa, ya bar abu uku da yake so a gani ya watsar da sauran. Saboda haka ne har yau ɗaliban likitanci a duniya ke karatun sassan jikin ɗan Adam da littafin Frank Netter, wani likita Ba'amurke, littafin da ya fito a 1989, alhali hotunan cikinsa da hannu ya zana su ya yi musu fenti. Ita kanta PowerPoint a 1987 ta fito, kuma shekaru masu yawa bayan fitowarta malamanmu da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, suke zane a kan wata farar leda mai garai-garai, su ɗora a kan na'ura ta haska a bango. Ba wanda ya kira su 'yan firamare.

Sai dai zanen da za a haska wa mutum 40 a zaure daban yake da zanen da kike yi don jin daɗinki. Ki ajiye biro. Ki sayi baƙar maka mai ɗan kauri da farar takarda A4, wadda ba ta da layi, irin ta shagon kwafi. Ki kwantar da takardar ta faɗinta. Ki fara da fensir a hankali, in ya yi miki ki bi da maka, ki jira ta bushe sosai sannan ki goge fensirin, in kika yi gaggawa baƙin zai shafe. Abu ɗaya a kan takarda ɗaya, kuma ya cika ta. Wanke hannu takarda guda. Zuba ruwa lita ɗaya takarda guda. Juye ledar ORS gaba ɗayanta, ba rabi ba, takarda guda. Kada ki yi wa kwano ado, kada ki yi inuwa-inuwar nan ta gwanaye, majigi cinye ta yake yi ta koma kamar datti. In kin gama ki jingina takardar a bango ki ja baya zuwa ƙofar ɗaki. Abin da ba ki gane daga can ba, matar da ke layin ƙarshe ma ba za ta gane ba.

Kauri ɗaya na maka za ki yi amfani da shi daga farko har ƙarshe, kwanon da ke shafi na uku kuma shi ne zai dawo a shafi na shida da kamanninsa. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi yake sa mai kallo ya ji da gangan aka yi, ba don an rasa hoto ba.

Yanzu ɗaukar hoton, inda aka samu matsala tun farko. Da rana za ki ɗauka, a inuwa kusa da ƙofa ko taga, ba cikin rana tsaka ba, kuma ki kashe fitilar kyamara. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafinki. Ki shimfiɗa takardar a ƙasa ko a tebur, ki riƙe wayar a samanta daidai, ba daga gefe ba, ki duba kada inuwarki ta faɗa kan takardar. Abin da ya fi wannan kyau shi ne sikanin da waya. Manhajar Google Drive tana da shi, akwai kuma irin su Adobe Scan da CamScanner. Su suke miƙe gefunan takardar da kansu, kuma in kika zaɓi baƙi da fari sai tokar nan ta tafi, takarda ta koma fara fat, layi ya yi baƙi wuluk. In akwai shagon kwafi mai sikana kusa da ku, ki kai musu su yi miki, ki ce a matsayin hoto kike so. Wurin tura wa kwamfuta kuma ki kula: WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi in an tura shi yadda aka saba. Ki tura shi a matsayin fayil, ko ki yi amfani da igiyar caji ki kwafa kai tsaye.

A cikin PowerPoint, shawarata ita ce ki bar bayan shafukan fari. Farar takarda a kan farin shafi ba a ganin inda ta fara da inda ta ƙare, sai zanen kawai ya tsaya kamar a kan allon aka yi shi. Ki danna Insert, sannan Pictures, ki ɗauko shi. Ki yanke gefunan da ba ki buƙata da Crop. In za ki ƙara masa girma ki ja daga kusurwa, don in kika ja daga gefe kwano zai koma faranti. In har farin bai yi fari sosai ba, a ƙarƙashin Picture Format akwai Corrections, ki ƙara haske kaɗan. In kuma ofis ɗinku na da nasa fasalin shafi mai launi da dole sai an yi amfani da shi, a nan ne za ki shiga Color ki zaɓi Set Transparent Color ki taɓa farin takardar, sai ya ɓace ya bar layukan. Launi ɗaya tak yake cirewa, shi ya sa sai farin ya zama tas tun daga sikanin, in ba haka ba zai bar miki ɗige-ɗige. Akwai wani maɓalli Remove Background, amma yakan haɗa da siraran layuka ya cinye, ban cika son shi a kan zane ba. Shafin PowerPoint na yanzu ya fi takardar A4 faɗi, awonsa 16 bisa 9 ne, don haka in zanen ya cika tsayin shafin za a sami fili a gefe. Kada ki miƙe zanen don ya cike filin, wurin rubutunki ke nan.

Za ki ga wani sashe mai suna Draw a sababbin PowerPoint, wanda ake zane kai tsaye a kan shafi. Yana da amfani ga mai kwamfutar da ake taɓa fuskarta ko mai alƙalaminta. Da linzamin kwamfuta kuwa layi rawa yake yi, ki tsaya a kan takardarki. Launi ma kada ki wahalar da kanki. In kina so a kalli wani wuri, ki saka jar kibiya guda daga Shapes. Ruwan ɗorawa da sauran launuka marasa ƙarfi ɓacewa suke yi a zauren da rana ke shigowa ta taga.

Abin da zan roƙe ki a kai da babbar murya shi ne lambobi. Hoto da hannu, amma lamba da sunan magani ki buga su da kwamfuta, manya-manya. Wannan darasin rai ne a cikinsa. Ledar ORS ɗaya a ruwa mai tsabta lita ɗaya, kamar yadda aka rubuta a jikin ledar da kuke rabawa, kuma ki duba da idonki, don akwai masu awo daban. Abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo. Zink miligiram 20 kullum ga yaron da ya kai wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ORS da zink, kuma ke kin fi ni sanin inda ake samun cikas: uwa takan daina ba da ƙwayar ranar da ta ga yaro ya warware. To nan zanenki zai yi abin da hoto ba zai yi ba. Ki zana akwatuna a jere daidai da adadin kwanakin da kuke ba da maganin, kowanne da ƙwaya a ciki, ki sa wa ukun farko alamar an sha, ki bar sauran suna jira. Sannan ki tambaye su, idan yaro ya warke a nan, a tsaya? Ki bar su su ba da amsa da kansu. Ledar fiya wata ma ki tabbatar ta santilita 50 ce ake sayarwa a garinku kafin ki ce biyu lita ɗaya ne. In za ki buga Hausa, ki duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, wasu nau'o'in rubutun kwamfuta akwati suke nunawa a madadinsu. Wuri ɗaya da zan ce ki yi rubutu da hannu shi ne ajami. In a cikin matan akwai waɗanda suka fi gane shi, ki rubuta "lita ɗaya" da ajami da makarki a ƙarƙashin kwanon. Za ki ga yadda fuskokinsu za su saki.

Kafin ki sake nuna wa kowa a ofis, ki nemi mace biyu ko uku irin waɗanda za su zo bitar, ko mai shara a asibitinku, ko wata gwaggo a maƙwabta. Ki miƙa mata zanen, kada ki yi bayani, ki ce, "Baba, me kika gani a nan?" Sai ki yi shiru. Yin shirun ne mai wuya. Shekarun baya na taɓa zana agogo don in nuna cewa abu ba ya wuce yini da kwana, wata dattijuwa ta daɗe tana kallo ta ce faifai ne aka ɗora wa tsinke biyu. Da na canza na zana rana tana fitowa, da wata, da rana ta sake fitowa, nan take ta ce, "Wato in ya kwana ya kai war haka a zubar." Ban manta ranar ba, don da ban tambaye ta ba da na tsaya gaban mata da yawa ina nuna musu faifai. In mace biyu suka kasa gane zane ɗaya, ki sake shi, kada ki ce ai zan yi bayani da baki. Bayanin baki a zaure yake tsayawa, hoton ne yake bin su gida.

Maganar ƙawarki kuma ba abin yi wa dariya ba ce. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan zanen abu mai rai, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa in don ilimi ne ko in surar ba cikakkiya ba ce. Hukuncin ki kai shi gaban malamin da kika amince da iliminsa. Abin da zan nuna miki ta fuskar aiki shi ne darasin nan kusan dukansa ba ya buƙatar mutum: kwano, leda, cokali, buta, sabulu, ƙwaya, rana da wata. Inda ake buƙatar a ga ana yin abu, hannu kawai ya isa, hannu yana juye leda, hannu yana riƙe da cokali. Wannan zai kwantar miki da hankali, zai kuma kwantar wa wadda za ta ji nauyi a cikin masu sauraro.

Akwai kuma wurin da nake tare da ogan naki, kuma ina so ki faɗa masa haka da bakinki. Alamomin haɗari, irin faɗawar ido da fatar ciki da in an ja ba ta komawa da wuri, hoto na gaske ya fi zane nuna su. Ki ɗauko su daga kayan koyarwar da hukuma ta ba ku. Kada ki ɗauki ɗan wata a asibiti ki haska shi a bango ba da yardar uwarsa ba. Darasinki zai zama zane a inda ake koyar da yadda ake yi, hoto a inda ake koyar da abin da za a gane da ido.

Shi ogan kuwa, kada ki tare shi da gardama, kada kuma ki yi a gaban mutane kamar yadda ya yi miki. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki gyara shafi uku kawai su yi tas, ki same shi shi kaɗai lokacin da ba ya cikin hayaniya, ki ce, "Ranka ya daɗe, na yi tunani a kan maganarka, na ga lallai na farkon bai fito da kyau ba. Na sake, na kuma gwada da su Baba ungozoma. Ga na intanet, ga nawa, ina so ka duba ka ba ni shawara." Ki faɗa masa abin da matan suka ce da suka ga kowanne, kalma da kalma. Tsoronsa kada baƙi su raina ofis ɗinsa ne, kuma wannan tsoro ne na mai riƙe da amana, ko da ya fito da shi ta hanyar da ba ta yi daɗi ba. In ya ga abu mai tsabta, da shaidar an gwada shi a kan mutanen da aka yi dominsu, da wuya ya ƙi, gani ya kori ji. In kuma ya dage a kan a cire, shi ne shugaba, ki bi umarninsa a kan abin da za a haska. Sai ki nemi izininsa ki riƙe zanen a hannu lokacin da za a gwada haɗa ruwan a aikace.

Ko ya yarda ko bai yarda ba, manyan zanen guda huɗu ko biyar ki sake su a kan kwali babba ki tafi da su. Wutar lantarki ba ta da alƙawari, janareta ma yakan ƙi tashi ranar da aka fi buƙatarsa. Darasin kuma ki ajiye shi kashi biyu a filash, ɗaya PowerPoint ɗaya PDF, don PDF ba ya canza fasali a kwamfutar wani. Saboda haka ne ma na fi son ki jera matakan shafi bayan shafi maimakon ki sa su riƙa shigowa da motsi, don motsin ba ya bin PDF. Ki isa zauren da wuri, ki haska shafin kwanon nan, ki je ki zauna a kujerar ƙarshe ki duba. In labule na buƙatar ja, ki ja kafin mata su shigo. Ki tafi da ledar ORS ta gaske, da fiya wata biyu, da kwano irin wanda kika zana, ki ajiye su a tebur inda kowa zai gan su.

Allah Ya ba da sa'a, ƙanwata. Bayan bitar ki rubuto mini abin da ungozomomin suka ce da suka ga akwatunan zink.